Kafin ka bar Marriott ka koma Hilton ko Accor, zauna ka ƙirga inda kake kwana

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci a Agege, wani Alhaji da muke harkar kaya tare ya tare ni a bakin mota, ya zaro waya ya buɗe min manhajar Marriott Bonvoy ɗinsa, wato tsarin tara maki na otal-otal ɗin Marriott. Kwana 31 ya tara a bana, yana matsayin Gold, amma wai shi ya gaji zai koma Hilton, don an faɗa masa can ɗan Gold ma ana ba shi karin kumallo kyauta, shi kuwa kullum sai ya biya. Na ce ranka ya daɗe gaskiya aka faɗa maka, amma tsaya tukuna, ina da ina kake kwana a shekara? Sai ya fara ƙirgawa da yatsu, Abuja, Dubai, Kwatano, Abijan lokaci-lokaci, sai Umarar azumi shi da Hajiya. Toh a nan maganar take, shi ya sa na ce bari in rubuta don masu yawan tafiya irinmu.

Abu biyu ne a cikin tsarin nan kuma mutane na yawan cakuɗa su. Akwai maki, wanda kake tarawa gwargwadon kuɗin da ka kashe, ka zo ka kama ɗaki da shi daga baya. Akwai kuma matsayi, shi da yawan kwana ake samunsa daga Janairu zuwa Disamba, shi ne yake sa a ƙara maka girman ɗaki ko a bar ka ka kai yamma ba ka fita ba. In ka sauya kamfani ba ɗaya da zai bi ka, makin Marriott ba ya shiga asusun Hilton, kwanan da ka yi a Sheraton na Marriott ba a ƙirga maka shi a Novotel na Accor.

Marriott dai ita ce mai yawan gidaje a nan Legas, musamman tunda ta sayi Protea a 2014 ta kuma haɗiye Starwood mai Sheraton a 2016, sannan a 2018 aka haɗe tsarin gaba ɗaya, a 2019 aka sa masa suna Bonvoy. Sheraton na Ikeja, Marriott na Ikeja GRA, Four Points na Victoria Island, Protea, duk asusu ɗaya ne. Kwana 10 Silver, 25 Gold, 50 Platinum, 75 Titanium. Maganar gaskiya Gold ɗinsu ba wani abin kirki a ciki, daɗin yana farawa ne daga Platinum, nan ne ake samun karin kumallo a yawancin gidajensu da shiga falon manyan baƙi da izinin zama har ƙarfe 4 na yamma, wanda duk mai jirgin dare ya san darajar wannan. Amma a lura da Protea, kwana biyu ake ƙirga maka a matsayin ɗaya kuma makinsa rabi ne, mutane da yawa sai ƙarshen shekara suke ganewa.

Hilton kuwa Gold ɗinta ya fi na Marriott auki nesa ba kusa ba, in ba a Amurka ba, kai da wanda kuke ɗaki ɗaya za ku karya kyauta a yawancin otal-otal ɗinsu, kuma in mutum ya san kuɗin karin kumallo a babban otal na Dubai ya ninka sau biyu sau kwana biyar zai ga kuɗi ne na gaske. Matsalarta a gida ce, gidajen ba su da yawa, abin da kowa ya sani shi ne Transcorp Hilton a Maitama Abuja sai Legend da ke jikin filin jirgin Ikeja. Wanda aikinsa ke kai shi Abuja duk wata kuma ofis ke biya masa Transcorp, wallahi ba sai ya yi dogon tunani ba. Wani abu da nake so a wajensu, ana iya haɗa maki da iyali ko abokai ba tare da an caje ka ba.

Ni kam wadda na ga mutanenmu sun fi yi wa riƙon sakainar kashi ita ce Accor, tsarinta sunansa ALL, alhali ita ta fi dacewa da tafiye-tafiyen yawancinmu. Kamfanin Faransa ne, don haka ƙasashen da ke jin Faransanci nan ne gidanta, Novotel da ibis a Kwatano, Sofitel Ivoire da Pullman a Abijan, ga Mövenpick a Akara, a Legas ga ibis a Ikeja da Mövenpick a Ikoyi. Sai babbar magana, Makka. Dogon benen agogon nan da ke kallon Harami, Fairmont da Swissôtel da Pullman ZamZam da Raffles da Mövenpick na ciki duk na Accor ne, a Madina ma akwai Pullman Zamzam da Anwar Al Madinah Mövenpick. Lissafin makinsu kuma ba rufa-rufa, maki 2,000 daidai yake da Yuro 40, a cire maka daga kuɗin ɗaki ko a goman ƙarshe ne ko a Muharram, shi kuma Yuro kowa ya san yadda yake da naira. Su Marriott da Hilton adadin makin da ɗaki ke ci hawa yake yana sauka da kasuwa, lokacin da kowa ke nema ya yi tsada. Aibin Accor shi ne makinta na mutuwa in ka yi wata 12 ba ka kwana a wajensu ba, su waɗancan biyun wata 24 ne, sannan ibis rabin makin Novotel yake bayarwa, Gold ɗinsu kuma mai kwana 30 ba karin kumallo a ciki. Su ma Hilton da Marriott suna da gidaje a Jabal Omar kusa da Harami, in ka yi kwana biyar da maki, makin kwana huɗu kawai za ka biya, a Hilton sai kana da Silver ko sama.

Radisson ba zan daɗe a kanta ba. Tana da Radisson Blu a Ozumba Mbadiwe da wani a Ikeja, tana Yamai, tana Deira a Dubai inda 'yan kasuwarmu ke sauka, kuma matsayinta na sama wato VIP kwana 30 ne kawai da karin kumallo na mutum biyu. Mai zuwa Amurka ne ba za ta yi masa ba, don tun 2022 gidajenta na can suka koma hannun wani kamfanin otal mai suna Choice.

Yanzu abin da ya fi duk wannan muhimmanci, wa ke kama maka ɗakin? In ta Booking.com ne ko Expedia ko cikin kunshin da ejan ya haɗa maka da biza da tikiti, yawanci ba maki ba kwana, ko da ka miƙa lambarka a risefshan. Alhajin nan kwana 14 yake yi a Saudiyya duk azumi, shekara da shekaru, ko ɗaya bai taɓa shiga asusunsa ba, da na faɗa masa sai da ya yi shiru. Wanda ke son na Umara ya shiga lissafi sai ya zauna da ejan tun wuri su yi magana, saboda batun masauki a haɗe yake da batun biza. Haka in ka kama wa baƙonka ɗaki a Ikeja kai kana gida a Agege, wannan ba kwananka ba ne a ƙa'idarsu. Sannan otal kan sauya tuta, InterContinental na Kofo Abayomi ya zama Lagos Continental, Sheraton na Abuja ya zama Abuja Continental, don haka a duba manhaja kafin a dogara da sunan da aka sani a da. Su kuma Turawan da za ka ji suna cewa sun samu Gold ko Diamond na Hilton ba tare da kwana ba, katin bashi ne na bankunan Amurka, mu nan da ƙafa ake takawa.

Ni ma na taɓa asarar kwana shida a wani otal a waje saboda fasfo na ɗauke da Mohammed asusun kuma na rubuta Muhammad, sai da na yi ta aika imel da hoton rasit kusan wata guda kafin a gyara. Sunan asusu ya zama harafi da harafi irin na fasfo, kuma kar a bar risefshan sai an ga lambar memba a jikin rasit.

In har sauyawar ta zama dole to a yi ta a Janairu, tsakiyar shekara raba kwana gida biyu ne ka tashi ba ka kai ko'ina ba a duka biyun. Matsayin da ka samu bana yana nan har shekara mai zuwa, da shi za ka nemi Hilton su daidaita maka, a shafinsu sunan abin status match, za ka tura shaidar matsayinka da rasit na kwanan da ka yi, su ba ka gwajin kwana 90, in ka cika kwanakin da suka yanka a ciki ya zauna. Kar ka nema sai ka tabbatar kana da tafiye-tafiye a jere. Tsohon asusun kuma kar a rufe shi, a cinye makin tukuna, na Marriott ma ana iya mai da shi mil na jirgi, maki uku mil ɗaya, duk da ni na fi son in kwana da shi.

Da muka gama lissafi da Alhaji a bayan wata takardar rasit, saura masa kwana 19 ya kai Platinum, kuma yana da Dubai sau biyu da bikin baje kolin Guangzhou na Oktoba kafin shekara ta ƙare, na ce Alhaji ka ƙarasa a Marriott ka bar maganar Hilton zuwa Janairu. A nan tsaye ya sauke manhajar ALL saboda Kwatano da Makka, ya ce ran Litinin zai kira ejan ɗinsa kan ɗakin azumi.