Resident Evil na farko: na koma gidan Spencer da furfura a gemu

Rabona da wannan wasa tun ina ƙaramar sakandare, lokacin da muke haɗa ƴan canji mu je gidan gem na bayan layinmu. Yawanci ƙwallo ake bugawa, don mai gidan ba ya son saka Resident Evil, wai yana cin lokaci kuma layi na jira. Sai dare ya yi, mutane sun ragu, yake yarda. Wancan shi ne wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1996 a kan PlayStation, wasan ban tsoro da ake yi a cikin wani katafaren gida mai cike da gawawwaki masu tafiya, wato gidan Spencer. Watan jiya na ga an karya farashin sabuntaccen, na saya na sa a PS4. Wannan shi ne wanda Shinji Mikami, daraktan na asalin, ya sake ginawa tun daga tushe a 2002 don na'urar GameCube, aka ƙara wanke hotonsa a 2015.

Da raini na shiga, ba zan ɓoye ba. Na ce abin da ya tsorata yaro ai ba zai girgiza magidanci ba. Cikin jarumai biyun da ake zaɓa, na ɗauki Jill Valentine, don jakarta na cin kaya takwas, ta Chris shida kacal. Na nufi dogon lungun nan da karnuka ke faso taga a tsohon wasan, na gyara zama ina jiransu. Gilashin ya tsage kawai, ba abin da ya shigo. Ashe masu wasan sun san irinmu za su dawo, sai suka ɗage abin zuwa lokacin da mutum ya saki jiki. Da suka faso daga baya, saura kaɗan in yar da hannun gem ɗin.

Amma ba karnukan ne suka hana ni barci ba, kananzir ne. A wannan sabon ginin, idan ka harbe gawa mai tafiya ta faɗi, ba ka gama da ita ba. In ba ka fasa kanta ko ka ƙone ta ba, bayan wani lokaci za ta tashi da jan fuska da farata, kuma da gudu take bi. Ƙonawar na buƙatar kananzir da laita, gorar kananzir ɗin sau biyu take yi ta ƙare, abin da ke cikin gidan gaba ɗaya kuma bai isa ka ƙone kowa ba. Sai ka tsinci kanka tsaye a kan gawa kana lissafi kamar uwargida a ƙarshen wata: wannan hanyar zan sake bi, ko in bar ta? Duk wanda ya taso a gidan da ake auna kananzir da kwalba ya san wannan tsayuwar. Haka harsashi, haka koren ganyen magani, haka ribon ɗin tafireta, wanda sai da shi za ka ajiye inda ka kai. Wani dare na yi kusan awa ina tattalin ribon guda, aka ɗauke wuta. Na daɗe zaune cikin duhu ban ce uffan ba.

Kyamarar ma da gangan take cutarka. A kafe take a kusurwa, kana jin jan ƙafa da gurnani amma ba ka ganin mai yinsu. Ƙofar nan da ke buɗewa a hankali cikin baƙin allo, asalinta dabara ce ta ɓoye jinkirin na'ura wajen loda ɗaki. Yanzu na'ura ba ta buƙata, amma sun bar ta, kuma daidai suka yi a sa'o'in farko. Bayan ka buɗe ta sau ɗari kana safa da marwa tsakanin akwatin kaya da ƙofar da ke son makullin sulke, takan fara gundura.

Akwai wasu kurakuran. Sabon tsarin tuƙin da suka ƙara yana da sauƙi, sai dai da kyamara ta sauya sai Jill ta juya ta koma inda ta fito, wani lokaci kai tsaye hannun abin da take gudu. Na haƙura na koma tsohon, mai juyi kamar tankar yaƙi. Wasu ɗakunan kuma hotonsu ya yi dishi-dishi a babban talabijin.

Ƙanena da ya saba da wasannin harbi na waya ya gwada minti ashirin, ya ƙarar da harsashinsa a kan gawa biyu, ya ce wasan tsofaffi ne. Wanda ke son ɓarin wuta kada ya ɓata kuɗinsa. Ni dai na kai wurin Lisa Trevor, matar nan mai jan sarƙa da bindiga ba ta kashe ta, ribon biyu ne suka rage mini, kuma kwana uku ke nan Jill na tsaye a ɗakin tafireta ban fito da ita ba.