Tafkuna ko injuna: wanne ya dace da ruwan dattin Kumasi?

Duk wanda ya tsaya bakin rafin Aboabo da damina, ya ga baƙin ruwa na jan leda da ƙazantar masai, ya san muna buƙatar matatar ruwan datti. Abin da injiniya zai fara yanke wa hukunci shi ne irin wadda za a gina.

Ta farko jerin tafkuna ce, irin na unguwannin Asafo da Ahinsan da Chirapatre. Ruwan zai shiga tafki mai zurfi, dattin ya kwanta a ƙasa, ƙwayoyin bakteriya su cinye shi. Daga nan ya gangara zuwa marasa zurfi, inda rana da gansakuka ke kashe ƙwayoyin cuta cikin makonni. Ba ta cin wuta, kuma zafin ƙasarmu na taimakonta. Har tarwaɗa an kiwata a tafkunan ƙarshe na Chirapatre. Sai dai tana cin fili, ga wari idan aka bar taɓo ya cika ba a kwashe ba. A Kumasi ta yau, ina filin?

Matatar injuna kuwa, mai hura iska cikin ruwan, ƙaramin wuri ya ishe ta, cikin sa'o'i ta gama aiki. Amma mun sha dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, mun san abin da ke faruwa idan famfo ya tsaya kuma kayan gyara sai daga Turai.

Ni dai a bayan gari tafkuna zan zaɓa. Cikin cunkoson Zango, dole injuna, amma a ware kuɗin wuta da na gyara tun kafin a sa harsashi.