Albasa Mai Tafiya, Mai Lawashi ko 'Yar Galmi: Wacce Ta Dace da Lambun Gida?

Mai ɗan fili a tsakar gida burinsa bai wuce ya sami albasar da zai shuka sau ɗaya ya yi ta tsinka ba. Shi ya sa duk wanda ya ga hoton albasa mai tafiya a Facebook sai ransa ya biya. Ita wannan albasa, maimakon ta yi fure ta ba da iri, sai ta fitar da curin 'yan ƙananan albasa a saman karanta. Idan suka yi nauyi karan ya lanƙwashe ya taɓa ƙasa, su yi saiwa a wurin, baɗi kuma na gaba su ƙara matsawa. Abin sha'awa ce, babu musu. Amma gidanta ƙasashen sanyi ne irin su Amurka, Kanada da Turai, inda take kwanciya ƙarƙashin ƙanƙara ta farfaɗo idan sanyi ya wuce. Zafin Afrilu na Sakkwato ko Maraɗi wani abu ne daban. In kana Jos ko tsaunin Mambila, gwada ka gani. In ba haka ba, riƙe kuɗinka.

Ni dai tawa ita ce albasa mai lawashi, wadda ba ta yin kai. Wannan ma tana cikin iyayen mai tafiyar, domin daga haɗuwarta da albasar da muka saba ci aka samu waccan. Ba ta damu da tsawon rana ba, tana jure zafi matuƙar ba ta rasa ruwa ba, kuma daga gindi take haihuwa. Ka dasa tsiro ɗaya, bayan 'yan watanni ka tarar da curi guda. Sai ka tone, ka rarraba da hannu, ka kai wasu madafa ka mayar da sauran ƙasa. Ko tonon ma ba dole ba ne: yanke ganyen ka bar kamar tsawon yatsu uku a sama da ƙasa, za ta sake tohowa. Ba ta buƙatar kwami babba. Tsohuwar robar fenti da aka huda gindinta, ko buhun siminti da aka cika da ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen kashin awaki, ya ishe ta. Abin da ba ta so shi ne ruwa ya kwanta mata, don haka da damina a ɗaga mata kunya. Mai dafa wainar ƙwai, dambu ko miyar ganye ba zai rasa abin yankawa ba, in kuma ta yi yawa a daka a shanya a yi gabu.

'Yar Galmi, jar albasar nan ta jihar Tawa a Nijar, da irin da ake nomawa a Aliero ta jihar Kebbi, albasar kasuwa ce. A yi reno mako shida zuwa takwas, a yi dashe da sanyin hunturu, a cire da bazara, shi ke nan an gama sai wata shekara. Ga mai fadama riba ce, ga mai robar fenti wahala ce.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Albasa mai tafiya da 'ya'yan samanta ake yaɗa ta, ko ta rarraba gindi. Duk wanda ya ce zai aiko maka da ƙwayar irinta a leda, ka san da wa kake magana. An taɓa aiko mini da irin wannan leda daga wani shafin sayar da kaya, da hoto mai kyau a jiki. Abin da ya tsiro tsiraru ne, kuma albasa ce irin ta kowa. Na nemi mai shafin, lambar ba ta shiga.

Ko irin albasa na gaske ma a yi hattara, domin ba ya jimawa. Da ya shekara, musamman a shago mai zafi, ƙarfinsa ya ragu sosai, alhali a ido babu bambanci tsakanin sabo da tsoho. Kafin ka sayi da yawa, karɓi kaɗan, ƙirga ƙwaya 10 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa kada ya bushe. Bayan kwana 10 in ba ka ga 7 ko 8 sun fito ba, kada ka koma. Ka kuma murza 'yan ƙwayoyi ka shinshina, saboda habbatus sauda tana kama da irin albasa ƙwarai, ƙamshinta ne ke tona ta. Sai kuma fakitin ƙasar waje mai ƙyalli. Albasar arewacin Turai sai tsawon rana ya kai awa 14 zuwa 16 take yin kai, mu kuwa namu da kyar yake kaiwa awa 13. Iri ne mai kyau, amma a nan ganye kawai zai ba ka.

Mai lawashin ma ana yin kuskurenta a kasuwa, domin yawancin abin da ake ɗaurawa a sayar albasar kowa ce da aka cire tana ƙarama. Yanka ganye ɗaya ka dubi bakin: na wadda ba ta yin kai zagayayye ne sosai, na ɗayar kuwa gefe ɗaya a shafe yake. Duba gindin kuma. In ya fara kumbura kamar kwalba, bar shi. Nemi wanda ya miƙe sambal, tsiro biyu ko uku manne da juna, da farar saiwa ɗanya wadda mai kayan miya bai aske ba. Saya da safe, ka rage ganyen, ka dasa da yammacin ranar ka ba shi ruwa.