Miliyan 7 da dubu 800: ejan ɗin da ya tura ni bakin kogin Zambezi ba tare da ɗaki ba

Jama'a assalamu alaikum. Na fi wata biyu ina rubuta wannan magana ina gogewa, kunya ce kawai ta hana ni. Jiya da daddare wani abokina ya turo mini tallar mutumin nan, ejan ɗin tafiye-tafiyen da ya damfare ni, a Instagram. Ya canza sunan kamfani, ya canza kalar shafi, amma hoton nan na tebur a bakin kogi da fitilun ƙwai da giwaye a tsallake yana nan, shi ne dai hoton da ya ci ni. Sai na ga in na ci gaba da rufa wa kaina asiri, shi nake rufa wa.

Naira miliyan 7 da dubu 800. Dala 5,200 ke nan a canjin lokacin. Kashi uku na biya: miliyan 2, sai miliyan 3 da rabi, sai miliyan 2 da dubu 300. Ku haɗa da kanku. Ni na haɗa ya fi sau dubu, ko a salla sai in tsinci kaina ina haɗawa, Allah Ya yafe mini.

Kafin wani ya zo ya rubuta mini "ai kai ma da sakaci", bari in gaya muku ko ni wane ne. Shekarata 19 a Kantin Kwari ina sayar da atamfa da shadda. Na yi odar kwantena daga mutanen da ban taɓa ganin idonsu ba, kaya suka iso lafiya. Mutum in ya shigo shagona da niyyar cin bashi ya gudu, daga sallamarsa nake gane shi. Yara nawa na hana su tura kuɗi wa 'yan "ka ci gasa"? Ni ne ake kira in duba rasit in an yi shakka. Ni ɗin nan.

Dubu arba'in ce ta kayar da ni. Zan dawo kanta.

Asalin abin, aurenmu ne ya cika shekara 10. Uwargida ta daɗe tana nuna mini bidiyon magangarar ruwan Biktoriya, wadda ke kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, tana cewa ita kafin ta mutu tana son ta ga wannan aya ta Ubangiji da idonta. Dubai mun je, Umra mun je. Na ce to bana sai can. Mai yi mini tikitin Umra, dattijo mai gaskiya, ya ce, "Alhaji, tikiti zan yanka maka, biza ma zan taya ka cikewa ta intanet, amma harkar masaukin dajin can ban san ta ba, ba zan karɓi kuɗinka a kanta ba." Da ma a nan na tsaya. Sai na shiga neman wanda ya sani, sai ga wannan bawan Allah, in ma ya cancanci a kira shi haka.

Ba a waya muka ƙare ba, ku lura. Na je ofishinsa a Abuja da ƙafata, cikin watan Fabrairu. Bene ne, da na'urar sanyaya ɗaki, da yarinya a tebur, da takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a cikin gilashi a bango. Na ɗauki lambar na duba, rajistar tana nan. Ya buɗe mini taswira yana nuna mini da biro: ga garin Livingstone na Zambiya, ga kogin Zambezi, ga masaukin a sama da magangarar, ɗaki irin na tanti amma a kan dakalin katako, kana kwance kana jin kukan dorina. Kwana 4, mutum biyu. Abinci sau uku, ya ce ya riga ya yi musu maganar halal. Yawon jirgin ruwa da faɗuwar rana. Ganin karkanda a gandun dajin Mosi-oa-Tunya. Yini guda a gandun dajin Chobe ta ƙasar Botsuwana, a bi ta gadar Kazungula, ya ce a 2021 aka buɗe ta, kuma gaskiya ne. Kusan komai ya faɗa a kan wurin nan gaskiya ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Har da wani kududdufi da ke daidai bakin inda ruwan ke zubowa, wai Tafkin Shaiɗan, ya ce za a kai mu mu yi hoto. Ko sunan ma ya isa ya sa mutum ya yi ta'awizi.

Muna cikin magana aka kira la'asar. Ya rufe kwamfutarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba Mai abin haƙƙinSa tukuna." Shi ya ja mu salla. Bayan mun idar na tura kafin alƙalami. Miliyan 2 ya ce, ni kuma da yake akwai wani ɗan lissafin kuɗin mota da na zaci daban ne, sai na tura miliyan 2 da dubu 40. Na fito, na kama hanyar Kano, ban kai Kaduna ba sai ga kiransa. "Alhaji, kuɗinka sun yi yawa da dubu arba'in. Motar tana cikin lissafi. Turo lambar akawun, ni ba na kwana da haƙƙin mutum." Minti biyu sai ga alat.

Ni ba na kwana da haƙƙin mutum. Wallahi da muryarsa nake jin wannan magana har yanzu. Na juya na ce wa direbana, ka ga irin mutanen da suka rage a ƙasar nan. Na iso gida na ba uwargida labari, na ba 'yan majalisarmu labari, har lambarsa na ba mutum biyu. Dubu arba'in ya jefa, ya ja miliyan 7 da dubu 800. Ku gaya mini wane ne a cikinku ba zai saki jiki ba? Wanda ya mayar maka da kuɗin da kai kanka ba ka san sun yi yawa ba?

Kuma duk da haka ban saki jikin gaba ɗaya ba, wannan nake so a fahimta. Kafin in tura kashi na biyu na nemo lambar masaukin da kaina, ba wadda ya ba ni ba, na kira Zambiya da katina. Wata mata ta ɗauka, na faɗi sunana, ta ce e, ga shi nan, mutum biyu, watan Afrilu. Me ya rage kuma? A ranar na tura miliyan 3 da rabi.

Sai a can, ina tsaye da akwatuna, manajan masaukin ya warware mini yadda aka yi. Irin waɗannan masaukai, in ejan ya nemi ɗaki, sukan ajiye masa na riƙon ƙwarya na 'yan kwanaki, su aika masa takardar farashi. In bai biya ba kafin wa'adi, sai su saki ɗakin. Nasu kwana 7 ne. Mutumin nan ya sa sunana a riƙon ƙwaryar, shi ya yi ta matsa mini in "tabbatar da kaina" a cikin satin, ni kuma na kira a rana ta huɗu ko ta biyar. Tambayata ita ce ko sunana yana nan. Ban tambaya ko an biya ba. Kalma ɗaya. Ko kwacha ɗaya, kuɗinsu na can, bai taɓa shiga hannunsu ba. Takardar da ya turo mini kuwa tasu ce ta gaskiya, da tambarinsu da komai, wuri ɗaya ya goge ya rubuta an tabbatar. Manajan ya ajiye tasu kusa da tawa a kan tebur, sai ka ƙura ido za ka ga rubutun wurin ya ɗan fi kauri.

Na tsallake. Tun a filin jirgi abin ya fara. Mun bi ta Adis Ababa zuwa Lusaka, muka kwana, da safe muka hau ƙaramin jirgi zuwa Livingstone. Filin jirgin Harry Mwaanga Nkumbula ba babba ba ne, duk wanda aka zo ɗauka za ka ga an ɗaga sunansa a allo. Turawa suka watse ɗaya bayan ɗaya, muka rage mu biyu. Na kira shi, ya ɗauka! Ya ce direba ya yi faci, in ɗauki tasi zai mayar mini da kuɗin. Kiransa na ƙarshe ke nan da ya shiga. A'a, na ƙarshe shi ne wanda ya yi ƙara sau biyu aka katse, lokacin ina gaban manajan. Bayan nan WhatsApp ɗinsa alama ɗaya yake nunawa har yau.

Mutanen masaukin ba su da laifi, kada wanda ya zage su. Sun tare mu da tawul mai sanyi da lemo, suna ta murmushi, matar ta buga sunana sau uku a kwamfuta, har ta ce in ba ta fasfo ko rubutun ne ya bambanta. Uwargida tana can bakin dakali tana ɗaukar kogi a waya, ba ta san abin da ake ciki ba. Na ce to ko nawa ne zan biya yanzu, a ba mu ɗaki. Suka ce hutun Ista ne, babu ko ɗaya. Da na ambaci Tafkin Shaiɗan sai manajan ya dube ni da tausayi, ya ce a watan Afrilu ruwa ya fi kowane lokaci cika, ba a kai kowa wurin, sai wajen Agusta zuwa farkon Janairu in ruwa ya ja baya. Wato da na bincika wannan kaɗai, da na kama shi tun a Abuja. Amma wa zai zauna yana binciken kududdufi bayan an mayar masa da dubu arba'in?

Alama ɗaya na gani na kau da kai, wannan kam na yarda laifina ne. Kashi na uku, miliyan 2 da dubu 300, a goman ƙarshe na azumi, ya ce akawun ɗin kamfani ya samu matsala, in tura wani. Sunan mace ya fito. Na tsaya da yatsana a kan waya na kusan minti guda. Sai na tuna la'asar ɗin nan, na tuna kiran hanyar Kaduna, na danna.

Da na je na gaya mata, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Abban yara, mu tafi kada mu tsaya wa mutane a hanya." Ta ja akwatinta da kanta. Mai tasin da ya kawo mu bai yi nisa ba, shi ya kai mu wani ƙaramin masauki a cikin gari, fanka da gidan sauro. Kwana huɗu muna cin nshima da kifi, tuwon masara ne sak, sai dai suna.

Mun je mun ga ruwan, tunda an riga an zo. Faɗinsa mita 1,708, zurfin wajen mita 108, tun daga nesa kake hango feshinsa ya tashi sama kamar gobara, shi ya sa mutanen wurin suke ce masa hayaƙi mai tsawa. Mun jiƙe sharkaf a kan wata siririyar gada duk da rigar ruwa da muka yi haya. Mun hango tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta 1905 da ta haɗa ƙasashen biyu. Ita tana ta subhanallah, hawaye da ruwa sun haɗu a fuskarta. Ni kuwa ina tsaye a gaban wannan ikon Allah ina lissafin bandir nawa na shadda ne miliyan 7 da dubu 800. Wannan ma ya sace mini, kuma shi ba wanda zai biya ni.

Da muka dawo na wuce Abuja kai tsaye. Ofishin yana nan, wasu masu sayar da kayan sola ne a ciki. Mai gadi ya ce hayar wata uku mutumin ya yi. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na rubuta takardar koke ga EFCC, bankina ma na sanar da su, maganar tana hannunsu, shi ya sa lauyana ya ce kada in kama suna tukuna. Cikin mutum biyun da na ba lambarsa, ɗaya ya riga ya tura miliyan ɗaya da rabi na tafiyar Zanzibar. Aminina ne tun muna yara. Har yau bai ce mini komai ba, gaisawa kawai muke yi a masallaci.

Shawara? Ka kira masaukin da kanka, ka tambaya ko KUƊI sun shiga da nawa, su rubuto maka daga imel ɗinsu. In da hali ka biya su kai tsaye. Sunan akawun ya canza, ka tsaya. Rajistar CAC ba shaidar gaskiya ba ce.

Ina da rasit ɗin nan uku, ina da takardar bogi da ta gaskiya, ina da saƙon muryarsa guda 14, har da wanda yake yi wa 'ya'yana addu'a. Da zarar lauya ya ba ni dama zan sa hotunan duka a nan, in rufe lambobin akawun kawai. Wanda ya ga talla mai tebur a bakin kogi da giwaye a tsallake, kuma ejan ɗin ya taɓa mayar masa da wani ɗan canji, ya yi mini magana ta akwatin sirri yau ɗin nan, kada ya bari sai gobe. Alat ɗin dubu arba'in ɗin ma yana nan ban goge ba, ƙarfe 6 da minti 12 na yamma, shi zan fara sakawa.