Kafin ka sayi noti, lambar sifana kaɗai ba ta isa ba

A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, yawancin masu saye da lambar sifana suke tambaya: "Malam, ba ni mai sha bakwai." Sai dai wannan lamba faɗin kan notin kawai take nunawa. Sifana 17 tana kama noti mai kaurin milimita 10 a tsohon ma'aunin Jamus, amma a motocin Japan mai kaurin milimita 12 ne ke da wannan kai. Mai kaurin milimita 8 kuwa, a Toyota sifana 12 ce ke kwance shi, a motar Turai 13.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne irin rubutun nan: M10 x 1.5 x 40. Duk a milimita suke: goma kaurin jiki ne, 40 tsawo ne daga ƙarƙashin kai zuwa ƙarshe, ban da kan. Ta tsakiya ita ce tazarar da ke tsakanin layin zare da na kusa da shi, kuma nan ne ake yawan tafka asara. M10 na gama-gari 1.5 ne, amma masana'antun Japan sun fi amfani da mai laushi, 1.25. Ko a notin taya ma ba a haɗu ba: Toyota da Honda galibi M12 x 1.5 suke sa wa ƙananan motocinsu, Nissan kuwa 1.25. A ido duk ɗaya ne. Ka ɗaura, ya zagaya sau biyu ya cije, yaron gareji ya sa bututu a sifana ya danne, shi ke nan zaren ya lashe. Noti mai kyau da yatsa yake shiga har ya kusa zama.

Kayan Amurka da inci ake auna su, ana kuma ƙirga layukan zare nawa ne a inci guda. Mai 5/16 da layi 18 ya yi kusa da M8 ƙwarai, amma ba sa auren juna. Tsofaffin injinan Ingila, irin su Lister na niƙa, nasu ma'aunin Whitworth ne tun na 1841, wanda kusurwar zarensa digiri 55 ce maimakon 60 ta notin milimita da na Amurka. Mai irin wannan inji ya adana tsofaffin notinsa, don samun madadinsu sai an sha yawo.

Sai ƙarfi. Duba saman kan: 4.6 ko 4.8 na ƙofa ne da teburi da allon shago. 8.8 shi ne na aikin mota da inji na yau da kullum, 10.9 na wuraren da ke ɗaukar nauyi sosai. A na Amurka layuka ake zanawa, uku sun yi daidai da 8.8, shida da 10.9. Wanda ba shi da wata alama a kai, komai ƙyallinsa, ban yarda a kai shi kusa da burki ko sitiyari ba. Macen notin ma, wadda ake ɗaurawa a jikin zaren, tana da tata lambar, 8 ko 10, kuma kada ta gaza lambar farko ta namijin: 8 ga mai 8.8, 10 ga mai 10.9. Wanda ba ya tsatsa, mai alamar A2-70, ya dace da tankin ruwa da faifan sola, amma bai kai 8.8 ƙarfi ba duk da ya fi shi tsada.

Tsakanin sabo mara alama da ɗan Beljiyam da aka kwanto daga mota irin taka, ni na biyun zan ɗauka, muddin zarensa lafiya kuma tsatsa ba ta ci shi ba. Ban da notin kan inji na motocin zamani: yawancinsu miƙewa suke yi a ɗaurin farko, don haka sabo na kamfani ake sawa. In za ka kasuwa, tafi da tsohon a aljihu, ka haɗa zarensa da na sabon ka ɗaga sama. In haske ya ratsa tsakaninsu, a canja maka wani.