Saitin haɗa koktel na gida, na gwada shi da gimlet

Irin saitin nan ne da ake sayarwa cikin akwati ɗaya, gwangwanin girgizawa mai gida uku, ma'auni mai baki biyu, mataci mai sifirin, dogon cokali mai murɗaɗɗen hannu, ɗan taɓarya na daka ganye, bakunan zuba guda biyu da ake cusawa a kwalba, sai ɗan kati mai girke-girke. Da gimlet kawai na auna shi kuma da gangan nayi hakan, don gimlet abu uku ne, jin (wato barasar da ake kira gin) da ruwan lemun tsami da ɗan zaƙi, babu inda kuskure zai ɓuya, in kayan aikinka basu da kyau tun kurɓar farko zaka gane. Abin sha ne mai barasa fa, na manya masu sha, kuma ba mai sauƙi bane, zan dawo kan wannan.

Ma'aunin shine abin da yafi burge ni, gaskiya shi kaɗai ya kusa biyan kuɗin akwatin. Bakinsa guda mil 60, wato mililita, ɗayan mil 30, kuma a ciki an tsaga layi a 15 da 20 da 45, tsagawa ce a jikin ƙarfen ba fenti ba da zai goge in an wanke. Mutane suna raina wannan abu amma a gimlet bambancin mil 5 na lemun tsami shine tsakanin abu mai daɗi da abin da zai sa ka yamutsa fuska. Ni yadda nake haɗawa jin mil 60, ruwan lemun tsami mil 20, ruwan suga mil 15, wanda yafi son zaƙi ya kai shi 20. Ruwan sugan ba wani aiki bane, suga da ruwa daidai wa daida, a ɗan ɗumama har ya narke, ya huce, a sa a firij. Kar ka zuba suga tsagwaronsa cikin gwangwani, baya narkewa a sanyi, zai kwanta a ƙasa ne kawai.

Toh gwangwanin kuma, nan ne muka fara samun matsala dashi. Yana da kyau a ido, baya yoyo, amma da ka cika shi da ƙanƙara ka girgiza na daƙiƙa 10 zuwa 15 sai murfin ya kame ƙam, saboda sanyi yana sa ƙarfen ya tsuke iskar ciki ma ta tsuke sai ta riƙe murfin, kana nan kana kokawa dashi hannunka na daskarewa alhali ƙanƙarar ciki tana cigaba da narkewa tana tsinka maka abin sha. Dabarar itace ka fara cire ƙaramin murfin sama iska ta shiga, in yaƙi ka dafa tafin hannu a wuyan ko ka ɗan zuba ruwan ɗumi a wajen. Yana aiki amma bai kamata ace kullum sai anyi haka ba. Ramukan tacewa da ke jikin murfin ma ƙanana ne, ɓargon lemun tsami yana toshe su, zubawar sai a hankali. Shi yasa masu aikin nan da yawa suka fi son gwangwani biyu da ake kifa ɗaya kan ɗaya, bugu ɗaya a gefe ya buɗe. Abin mamaki ma matacin mai sifirin da suka saka don irin wancan gwangwanin aka yi shi, amma dai yana zama a bakin wannan in ka cire saman gaba ɗaya, kuma haka nake yi yanzu, in haɗa da ƙaramin matacin shayi don tsare ɓarɓashin ƙanƙara.

Abin da yafi bani haushi shine babu abin matse lemun tsami a ciki. An saka taɓarya, an saka bakunan zuba da mai haɗa kofi ɗaya ko biyu a gida bashi da buƙatarsu ko kaɗan, amma abin da rabin koktel na duniya ke buƙata babu. Dole na nemi matsi na hannu daban, mai kama da filaya, kuma ina bada shawara kowa yayi haka, don yana fitar da ruwa sosai, lemo ɗaya mai kyau zai iya baka kusan mil 30, sannan yana matse ɗan man da ke cikin ɓawon ya shiga ruwan, ƙamshin nan kuwa shine rabin gimlet. Ƙaramin koren lemun tsami ake nufi, ba babban rawayan ba, ɗanɗanonsu ba ɗaya bane.

Katin girke-girken ya bada tsohon tsari, rabi jin rabi kodiyal na kwalba, wato ruwan lemun tsami da aka adana da suga, a juya da cokali. Ba ƙarya suka yi ba, haka tsofaffin littattafan koktel na shekarun 1920 da 1930 suka rubuta shi, kuma akwai tarihi a bayansa. A da can matuƙan jiragen ruwa suna ta mutuwa da cutar rashin bitamin C, wadda ke sa dasashi zubar jini haƙora su faɗi, tun 1747 likitan sojan ruwa James Lind ya gwada ya ga lemo yana warkar da ita, sai a 1867 dokar Birtaniya ta wajabta wa jiragen kasuwanci ba ma'aikatansu ruwan lemun tsami, a shekarar kuma Lauchlan Rose na Leith a Sikotland ya yi rajistar hanyar adana ruwan da suga maimakon barasa, daga nan kodiyal mai suna Rose's ya fito. To amma rabi-rabi a bakina zaƙin yayi yawa, yana danne jin ɗin gaba ɗaya. In da kodiyal zaka yi, gwada jin 60 kodiyal 20, ka juya da dogon cokalin nan cikin ƙanƙara kamar rabin minti, nan ne cokalin yake da amfani kuma nasu mai kyau ne, yana juyawa sumul tsakanin yatsu. In kuma sabon ruwan lemo ne to girgizawa ake yi.

Maganar jin, ni irin da ake kira London Dry nafi so a nan saboda ƙamshin juniper, ƴaƴan itacen da ke ba jin ƙamshinsa, yana fitowa fili ya tsaya wa tsamin. A dokar Tarayyar Turai jin baya ƙasa da kashi 37.5 na barasa, yawanci 40 zuwa 47 zaka gani a kwalba, akwai kuma wanda ake kira mai ƙarfin sojan ruwa da ke kai 57. Yi lissafi, mil 60 na mai kashi 40 barasa zalla mil 24 kenan a ɗan ƙaramin kofi, kuma sanyi da zaƙi suna ɓoye ƙarfinta, don haka a sha a hankali kuma ba'a tuƙi bayansa. Kofin a saka shi firiza tun kafin a fara, ƙanƙara kuma manya masu tauri, a cika gwangwanin, ƴan guda biyu uku narkewa kawai zasu yi.

Wanda aka ba saitin kyauta ya riƙe, zai yi masa aiki. Wanda zai saya da kuɗinsa gara ya tsinci ma'auni mai layi, gwangwani biyu, mataci da matsin lemo ɗai-ɗai. Sannan ya gwada kodiyal na gida, ka kankare koren ɓawon lemo kamar huɗu ba tare da ka taɓa farin ciki ba don ɗaci gareshi, ka cuɗa da suga gram 100 ka rufe ya kwana, suga zata janyo man ɓawon ta jiƙe, washegari ka zuba ruwan lemon mil 100 ka juya har ta narke ka tace. Jin 60 da wannan 25 ya isa, ba sai ka ƙara komai ba. Yana ɗan kwana a firij amma cikin mako yafi daɗi, kuma in akwai wanda baya shan barasa a wajen ka zuba masa mil 30 a dogon kofi da ƙanƙara ka cika da ruwan soda.