Mahaɗin Z mai kama da sifirin: yana da araha, amma sai an gyara masa zama

Da yawa daga cikin masu harhaɗa farintar 3D (na'urar da ke gina abu da narkakkiyar roba, shimfiɗa kan shimfiɗa) a gida bisa tsarin Prusa i3, wanda Josef Prusa ya fitar a 2012, da wannan mahaɗin suke farawa wajen haɗa moto da sandar Z, wato ta motsin sama da ƙasa: guntun alminiyum mai kauri milimita 19 da tsawo 25, an yanke cikinsa a murɗe kamar sifirin. Rami ɗaya milimita 5 ne, na sandar moto NEMA 17 (ƙaramin moto mai juyawa taku-taku), ɗayan kuma 8, na sanda mai tiredi da ke hawa da saukar da kan farinta. Ana samunsa ko'ina, kuma yana haƙuri da 'yar karkata tsakanin moto da sanda. Iyakar yabonsa ke nan idan aka ɗaura shi yadda ya zo.

Matsalar ita ce yankan da ke ba shi damar lanƙwasawa shi ne kuma ke sa ya takure ya miƙe a tsaye. Moton Z yana ƙasa, nauyin gadar X, wadda kan farinta ke tafiya hagu da dama a kanta, duka yana kan mahaɗin. Duk lokacin da notin da ke ɗaga gadar a kan sanda ya ɗan cije, sai mahaɗin ya takure kafin kan ya motsa, shimfiɗa ɗaya ta matse, ta gaba ta yi kauri. A sandar Tr8x8, mai hawa milimita 8 a kowane zagaye, cikakken taku ɗaya na moto milimita 0.04 ne, saboda haka motsin da ido ba ya gani ya isa ya ɓata bangon abin da ake bugawa.

Ga kuma sukurori. Irin mai ƙananan sukurori da ke danna sandar daga gefe yana ture ta daga tsakiya, musamman sandar M8, wato sanda mai tiredi ta gama-gari ta shagon kayan gini, wadda kaurinta bai cika 8 ba. Sandar sai ta riƙa rangaji tana jan gadar hagu da dama. Gane wannan ba wuya: a auna tazarar zoben da ke fitowa a bango. Idan yana maimaituwa duk milimita 1.25 a kan M8, ko duk 8 a kan Tr8x8, to zagayen sanda ne ke haifar da shi, kada a ɗora wa zafi ko robar bugawa laifi.

Gyaran da ya fi tasiri shi ne ƙwallon boris na ƙarfe, kamar milimita 6. A fara ɗaure mahaɗin a kan moto, sukuru ɗaya a daidai gefen da aka shafe na sandarsa, kan sandar ya leƙo cikin tsakiyar mahaɗin. A jefa ƙwallon ta ramin sama da ɗigon giris, a sauko da sanda mai tiredi ta zauna a kansa, a ɗan ja mahaɗin sama kusan rabin milimita, sannan a ɗaure. Yanzu nauyi na bi ta ƙwallon kai tsaye, mahaɗin kuwa juyawa kawai yake isarwa. Yana da kyau a goge ƙarshen sandar da magagari ya yi fuska lebur inda sukuru zai kama, a ɗiga Loctite 243, gam mai riƙe tiredi, don girgiza na kwance sukurori a hankali.

Kafin duk wannan, a mirgina sandar a kan gilashi. Wadda ta lanƙwashe babu mahaɗin da zai cece ta. Kuma a bar samanta a sake. Sa mata boris a can yana tilasta wa rangajin fita ta wajen noti.

Wanda bai saya ba tukuna, ya nemi mahaɗi mai haƙora da roba a tsakiya, irin mai matse sanda ta kowane gefe da sukuru ɗaya. Ba ya takurewa a ƙarƙashin nauyi, kuma yana riƙe sanda a tsakiya. Sai dai bai dace da tsohon tsarin Prusa Mendel ba, inda motocin Z ke sama sanduna na rataye, domin rabinsa biyu zarewa suke idan an ja su. Mahaɗi sandararre kuwa sai ga wanda firam ɗinsa ya miƙe sosai: a sassauta sukurorin moto huɗu, a sauko da gadar har ƙasa moton ya sami mazauninsa, sannan a ɗaure su.